SANDAR BAHAGO

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, saboda haka wanda ya zo neman Alhaji mai zungureriyar mota da budurwa mai gashi har gadon baya, ya yi mini haƙuri sai wani jiƙon. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina ƙaga mutane a takarda, in haɗa su aure, in raba su, in kashe wanda na ga dama, amma akwai labari guda da ya faru da ni a zahiri wanda hannuna ya kasa rubutawa sai yanzu. Kafin in ɗauki biro sai da na nemi izinin mai labarin, wato yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce in rubuta, amma kada in kama sunansa. To, ba zan kama ba.

Abin da ya tono maganar kuwa wani wasa ne da yawancinmu ba mu ma san ana yi ba, wato ƙwallon gora, wanda Turawa ke ce wa hoki. Na san wani zai ce me ya haɗa mutumin Kaugama da gasar hoki ta duniya, ina ruwan biri da gada? Ku dai biyo ni sannu a hankali.

A ƙasar Kaugama aka haife ni, cikin masarautar Haɗejiya, a wani ƙauye da ke bakin fadama, inda kogin Haɗejiya ke malalowa da damina ya janye da kaka. Wanda ya san yankinmu ya san arzikinmu: shinkafa, gero, kifi, sai goruba. Kabar goruba iyayenmu mata ke saƙa tabarma da faifai da ita, 'ya'yan kuma mu yara mu gwagwiye, ƙwallon da ya rage, wanda muke ce wa ƙodago, ya zama abin wasanmu. Da zarar an gama sussuka, masussukar nan ta daɓe ta yi sumul kamar tsakar ɗakin amarya, sai mu rabu gida biyu, mu kafa kara biyu a gabas, biyu a yamma, kowa da sandarsa mai lanƙwasasshen kai, a jefa ƙodago a tsakiya. Babu alƙalin wasa, babu agogo, kiran sallar magariba ne ke tashinmu. Har yau akwai tabo uku a ƙwaurina na dama, kuma na san mai kowanne.

Sandar ma ba saye ake yi ba. Daji za ka shiga ka nemi reshen kanya ko na aduwa mai 'yar gwiwa, ka saro, ka gasa kan a wuta ka ƙara tanƙwara shi, ka ɗaure da igiya ya kwana uku. Sai da na girma na lura cewa tun kafin Bature ya kawo mana tamola, Bahaushe na da kalmar ƙwallo a bakinsa: ƙwallon goruba, ƙwallon dabino. Ashe mu ne muke buga ƙwallon asali ba mu sani ba.

Yayana ya girme ni da shekara huɗu, kuma bahago ne. A gida babu abin da hagun nan bai jawo masa ba. In ya miƙa shi cikin akushi Baba ya buge, a makarantar allo ya sha bulala a kansa, har dai ya koyi ci da rubutu da dama. Amma in aka zo masussuka, to hagun nan sarauta ce. Zai taho da ƙodago manne a kan sandarsa kamar an liƙa da ƙaro, ya nuna maka gabas ya bi yamma, ka kai duka ka sami iska. Har dattawa masu dawowa daga gona sukan jingine fartanya su tsaya kallo. In za a raba 'yan wasa kuwa, ɓangaren da ya same shi sai an rage musu mutum biyu, in ba haka ba ba a yarda a fara.

A 1990 ya ci jarrabawa aka tura shi wata sakandaren kwana. Lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano, domin sai a watan Agustan 1991 aka yanke Jigawa. A can ya haɗu da wani dattijon malamin wasanni, wanda shi kuma ya koyi hoki a hannun wani malami ɗan Pakistan, cikin malaman Indiya da Pakistan ɗin nan da suka koyar a makarantun Arewa a shekarun 1970. Malamin na da wasu tsofaffin sanduna a sito waɗanda yake lallaɓawa kamar 'ya'yan cikinsa.

Hutun farko da Yaya ya dawo ban yi barcin kirki ba, kwana muka yi yana ba ni labari. Ya ce ashe wasanmu na masussuka wasa ne na duniya, har kofi ake sa masa. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare kamar tamola. Ba a taɓa ƙwallo da ƙafa. Ba a ƙirga ci sai in daga cikin wani rabin da'ira da ke gaban raga aka buga. Sannan sandar fuska ɗaya ce shimfiɗaɗɗiya, da ita kaɗai ake taɓa ƙwallo, in ka sa bayanta alƙali ya hura usur. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne, duk sandunan na masu dama ne, doka ma ta hana sandar hagu. Ya ce ranar da aka fara miƙa masa ita ji ya yi kamar an sake buge masa hannu a akushi, ya koma bayan aji ya yi ta kuka.

Malam ne ya bi shi ya zaunar da shi, ya ce, "Kai yaro, dubi yadda ake riƙe ta. Wane hannu ne a sama?" Ya ce hagu. Malam ya ce, "To hannun da ke sama shi ne mai mulkin sanda, shi ke juya ta, dama rakiya kawai take yi. Abin da wasu ke shekara biyu suna koyo, kai da shi aka haife ka." Yaya ya ce mini tun da yake a duniya, ranar ce aka fara yabon hagunsa.

Daga bakinsa na fara jin tarihin kofin duniya na maza, sauran kuma na bi diddigi daga baya. Pakistan ce ta kawo shawarar a kafa gasar, ta hannun shugaban hukumar hokinta na lokacin, Nur Khan, wani babban hafsan sojan sama, kuma ita ce ta ba da kofin. An shirya yin ta farko a Lahore a 1971, rikicin siyasa ya sa aka mayar da ita Barcelona ta ƙasar Sifen. Duk da haka Pakistan ta bi kofinta har can ta doke masu masauki da ci 1 da nema. A wannan gasar Kenya ta zo ta huɗu. A 1975 a Kuala Lumpur, Indiya ta doke Pakistan 2 da 1 ta ɗauka, kuma maƙwabtanmu Ghana suna cikin waɗanda suka buga. Pakistan ta sake ɗauka a 1978 da 1982, sannan a 1990 Holan ta zo har Lahore ta doke ta 3 da 1 a gaban jama'arta. Gwanin Yaya shi ne ɗan wasan Pakistan Shahbaz Ahmed. Malam ya yanko masa hotonsa a wata tsohuwar jarida, ya manna shi a murfin akwatinsa daga ciki.

Haka muke har daminar 1994, wadda ita ce ta raba mana hanya. Ana cikin noman farko Baba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Lokacin Yaya ya gama aji huɗu, ni kuma na gama aji ɗaya, ina ɗan shekara goma sha uku. Wata Juma'a da daddare Baba ya kira mu, ya ce ƙarfinsa ya ƙare, dole ɗayanmu ya bar boko ya riƙe gona, in ba haka ba gidan zai kwana da yunwa. Bai faɗi wane ba. Ya ce zai yi tunani kafin a koma hutu.

Mai karatu, in ka san yadda nake son littafi a lokacin za ka gane halin da na shiga. Na haddace rabin Magana Jari Ce, na karanta Ruwan Bagaja ya fi sau biyar, kuma a shekarun ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ke yawo daga hannu zuwa hannu a makarantu, muna karanta shi da tocila a ƙarƙashin bargo. In na tuna za a iya miƙa mini fartanya a ce shi ke nan, sai in ji numfashina na ɗaukewa.

Bayan kwana goma, ranar kasuwa, wani yaron mota ya kawo wasiƙa gidanmu. Yaya na fadama, a can yake kwana a bukka saboda aikin shinkafa. Baba ajami ya iya, bai iya boko ba, don haka ni aka kira. Da na buɗe sai na ga rubutun Malam ne. Ya ce nan da mako biyu za a tara 'yan wasan makarantu a Kano a zaɓi gwanaye, kuma sunan Yaya ya fara sawa. Ya ce kuɗin mota yana wuyansa, su haɗu a tasha ranar kaza. Ya ce in Allah Ya sa aka ɗauke shi akwai fatan a ɗauke masa nauyin karatu, wataƙila har aiki ya samu ta wannan hanya, don haka yana roƙon Baba ya bar yaron.

Sau biyu na karanta a zuci kafin in buɗe baki, kuma lissafin bai ɗauke ni minti guda ba. In Baba ya ji akwai mai ɗauke nauyin babba, to babba zai tafi, ƙarami ya riƙe fartanya. Baba na kwance a kan tabarma yana kallona da idon nan nasa guda da ke buɗewa sosai, ya ce, "Me suka ce?" Sai na ji bakina na cewa, wai makaranta ta ƙara kuɗi, kuma ana bin Yaya bashin zango biyu, kada ya koma sai da su a hannu. Har da ɗan tsayawa ina bin layi da yatsa, kamar mai karatun gaske.

Baba ya yi shiru, can ya ce, "Shi ke nan, Allah Ya yanke mana." Na fita tsakar gida, Inna na tuƙin tuwo, na faki idonta na cusa wasiƙar a murhu. Wannan shi ne ƙagaggen labarina na farko a duniya, kuma duk littattafan da na rubuta bayansa babu wanda ya kai shi tsada.

Da Yaya ya dawo Baba ya gaya masa hukuncinsa. Bai yi musu ba, ya ce to. Ya ɗauki sandar da Malam ya ba shi kyauta ya soke ta a rufin ɗakinsa. A watan Disambar wannan shekara Pakistan ta ɗauki kofin duniya karo na huɗu a birnin Sydney, ta doke Holan a bugun daga kai sai mai tsaron gida, kuma Shahbaz ne kyaftin. Ni na ga labarin a jarida a makaranta. Da na dawo hutu na kasa gaya masa.

Daga nan rayuwa ta ci gaba yadda ta saba. Yaya ya zama manomi, da rani ya yi su, ya kai banda kasuwa. Shi ya yi jinyar Baba har Allah Ya karɓi abinsa, shi ya aurar da ƙannenmu mata, shi ya sayar da buhunan shinkafa ya biya mini kuɗin jarrabawar fita. Ni kuma na tafi Kano na kama zaman shago wajen 'yan littattafai, daga ɗaurin kaya har na fara rubuta nawa. Na binne maganar wasiƙa a can ƙasan zuciya, na ɗora mata dutse. Sai dai an ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

A watan Oktoban 2003 Abuja ta karɓi gasar wasannin Afirka karo na takwas, wadda aka fi sani da COJA. Na kai wa abokan ciniki littattafai a kasuwar Wuse, sai wani abokina ya ce mu leƙa sabon filin wasa na ƙasa mu ba ido abinci. Tamola muka je nema, ba mu samu shiga ba, muna ta zagaye sai ga mu a bakin wani fili kore shar, ana ta feshe shi da ruwa ta manyan bututu. Na ɗauka famfo ne ya fashe. Wani bawan Allah da ke gefe ya yi dariya ya ce ai filin hoki ne, ba ciyawa ba ce, dardumar roba ce, sai an jiƙa ta kafin a yi wasa don ƙwallo ta yi gudu, kuma in mutum ya faɗi kada ya saɓule. Ni da na fito daga inda ruwa ke cinye mana shinkafa da damina, mu kuma yi ta jan guga da rani, sai ga inda ake shayar da darduma.

Da 'yan wasa suka fito aka fara, wallahi ban san sa'ar da na sami wuri na zauna ba. Ƙwallon fara ce tas, tana tafiya kamar harsashi. Akwai wani ɗan Masar siriri da ke juya sanda da hagu, ya nuna gabas ya bi yamma, sak Yaya a masussuka. Na yi lissafi na ga a ranar Yaya na da shekara ashirin da shida, sa'an waɗannan samari ne, kuma a daidai wannan lokaci yana cikin laka yana korar tsuntsaye daga shinkafa. Masar ce ta ci zinaren maza a gasar, ta doke Afirka ta Kudu a wasan ƙarshe, ta sami tikitin zuwa gasar Olamfik ta Athens a 2004. Abokina ya ga ina share ido ya tambaye ni lafiya, na ce ruwan feshin ne.

Amma ɗan Adam gwanin nema wa kansa mafita ne. Dardumar nan da na gani ita na mayar hujjata. Na bincika na gano cewa a gasar Olamfik ta Montreal a 1976 aka fara buga hoki a kan roba, kuma daga nan wasan ya canza kama. A kan ciyawa da ƙasa gwanintar wuyan hannu ke ci, shi ya sa Indiya ta ci zinare shida a jere daga 1928 zuwa 1956, ta tara takwas gaba ɗaya. A kan roba kuwa sai an haɗa da gudu da ƙarfi, uwa uba kuɗin shimfiɗa filin da na shayar da shi. Bayan zinarenta na Moscow a 1980, Indiya ta shekara 41 ba ta ga lambar Olamfik ba sai tagullar Tokyo a 2021. Pakistan mai kofi huɗu ta kasa ko shiga gasar duniya ta 2014 da ta 2023. Daga 1998 zuwa 2023 kofin bai fita daga hannun Holan, Jamus, Ostareliya da Beljiyam ba. A duk tsawon wannan tarihi daga 1971, maza 'yan Nijeriya ba su buga gasar ko sau ɗaya ba. Sai na riƙa ce wa kaina, in manyan giwaye sun faɗi, ina ga ɗan Kaugama mai sandar aduwa? Ko da ya je Kano babu inda za shi. Da wannan nake lallashin kaina in yi barci.

Wani lokacin lallashin ya yi aiki, wani lokacin ya ƙi. A 2007 fim ɗin Chak De India na Shah Rukh Khan ya fito, muka je gidan kallo a Fagge. Labarin kyaftin ɗin hoki ne da aka yi wa ƙazafin ya sayar da wasa, har aka rubuta masa maci amana a bangon gida. Jama'a na ta tausaya masa, ni kuwa ina cewa a raina, wannan ƙarya aka yi masa, ga maci amanar gaske nan zaune a benci na uku yana cin gyaɗa. Ban ga ƙarshen fim ɗin ba a ranar.

Hujjata ta fara tsagewa ne a watan Janairun 2022, da na ji 'yan wasan Nijeriya maza sun doke Kenya sun ci tagulla a gasar kofin Afirka a Accra, bayan Afirka ta Kudu da Masar. Ashe dai akwai 'ya'yan talakawa a ƙasar nan da suka bi wannan siririyar hanya har suka kai wani wuri. Ashe ba ni ke da ikon cewa babu inda za shi ba.

A ƙarshen Janairun 2023 na je gida suna, an yi wa Yaya jika na farko. A ranar Lahadi 29 ga wata aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya a Bhubaneswar ta jihar Odisha a Indiya, tsakanin Jamus da Beljiyam. Na hau tudun bayan gari inda sabis ke kamawa, na sauke taƙaitaccen wasan a wayata. Da daddare bayan baƙi sun watse, sanyin hunturu na kaɗawa, muka zauna a ƙofar gida mu biyu muna jin ɗumi, na miƙa masa. Beljiyam ta fara cin biyu, Jamus ta farke ta ƙara, Beljiyam ta rama ana dab da tashi aka yi 3 da 3. Aka tafi raba gardama, inda kowane ɗan wasa ke tahowa da ƙwallo shi kaɗai, a ba shi daƙiƙa takwas ya ci mai tsaron gida. Jamus ta ɗauka da 5 da 4.

Sau uku Yaya ya sa na maimaita masa. Mutumin da ya shekara kusan talatin bai riƙe sanda ba, sai ga shi yana cewa, "Dubi wancan, hagunsa ya yi tauri. Kai, da ya juya ta nan ai ya wuce." Ina kallon wuyan hannunsa na hagu yana motsi shi kaɗai a kan gwiwarsa.

Don in ja hirar sai na ba shi labarin gundumar Sundargarh da ke jihar ta Odisha. Na ce masa can ma ƙauyawa ne manoma irinmu, yaransu da sandar gora suke fara wasa a kan ƙasa, kuma ƙauyuka kan yi gasa a tsakaninsu a sa akuya a matsayin kofi. Daga irin waɗannan ƙauyuka Dilip Tirkey ya fito, ya buga wa Indiya wasa sama da 400, ya yi kyaftin, a 2022 ya zama shugaban hukumar hokin ƙasar baki ɗaya. A garin Rourkela na wannan gunduma aka gina filin da ke cin mutum kusan 20,000, aka buga wani sashe na gasar ta 2023 a cikinsa. Yaya ya jinjina kai ya ce, "Ka ga su an bi su har gida."

Wannan kalma ce ta ƙarasa ni. Na ce, "Yaya, akwai maganar da nake so in gaya maka, ta daɗe a cikina."

Bai ɗago ba, yana tona wuta da kara. Ya ce, "Wasiƙar Malam?"

Na ji kamar an ɗauke ƙasar da nake zaune a kai. Ya ce bayan wata uku da yin abin ya kai kifi kasuwar Haɗejiya, suka yi kiciɓis da Malam. Malam ya tare shi da faɗa, ya ce ya tsaya a tasha tun hantsi har azahar yana jiransa da kuɗin mota a aljihu. Yaya ya ce a take ya gane abin da ya faru, don ya san wanda ke karanta wasiƙa a gidanmu. Sai ya ce wa Malam ya yi haƙuri, ciwon Baba ne ya hana.

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya wa Baba ba?"

Ya ce, "In gaya masa me? Mutum na kwance da rabin jiki, in je in ce masa ƙaramin ɗansa ya yi masa ƙarya a kan idonsa? Kuma kada ka ɗauka ban ji ciwo ba. Shekara biyu in ka dawo hutu fadama nake tarewa, don kada in ga fuskarka in aikata abin da zan yi nadama. Kuɗin jarrabawarka ma da na biya ba don na huce ba ne. Gani na yi in kai ma ka zauna, asarar ta zama biyu."

Ina kuka na fara kawo masa tsohuwar hujjata, cewa ai duniyar wasan ta riga ta koma kan roba, ko da ya je... Ya ɗaga mini hannu ya ce, "A'a, kada ka gaya mini wannan. Wataƙila da na je, ranar farko za a koro ni in dawo in kama fartanyata. Amma da na gani da idona. Ba kofi ka ɗauke mini ba, sanin iyakata ka ɗauke mini."

Muka yi shiru, ba ka jin komai sai ƙarar wuta da kukan jaririn daga cikin gida. Can ya ce, "Na yafe maka tun ranar da muka kai Baba makwancinsa. Jira kawai nake ka faɗa da bakinka, don kai ma ka huta. Ka daɗe, Malam marubuci."

Ya shiga ɗaki ya fito da sandar nan. Gidan an sake masa rufi sau biyu, amma tana nan, ya naɗe ta da tsumma yana shafa mata man gyaɗa don gara. Ya ce ɗansa na uku bahago ne, kuma ya hana kowa buge masa hannu, da lallashi aka koya masa ci da dama. Ya ce yaran yanzu ba su san ƙodago ba, kowa Barcelona yake kira, ba su san a garin aka fara ɗaga kofin gora ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Tun da ka ce mutanen can akuya suke sawa, kai da ke da kuɗin littafi ai sai ka sayo."

Tun daga kakar wannan shekara, duk sa'ar da aka gama sussuka nakan sayi akuya in kai gida. Yaran ƙauyenmu da na maƙwabta su saro sandunansu, a kafa kara a gabas da yamma, Yaya ya rataya usur ya zama alƙali. Ya koya musu dokar ƙafa da ta bayan sanda, ya zana musu rabin da'ira da toka. Ban ce za mu fitar da ɗan wasan duniya ba, domin daga masussukarmu zuwa dardumar roba tafiya ce mai nisa, kuma ba akuyata ce za ta rage ta ba. Wannan aikin masu riƙe da harkar wasanni da makarantu ne, in sun ga dama su bi yaran nan har gida kamar yadda aka bi na Sundargarh. Abin da na sani kawai, in wata wasiƙa ta sake zuwa gidanmu, a gaban mai ita za a buɗe ta.

Malam ya rasu ban taɓa ganinsa ba, ban kuma nemi gafararsa kan tsayuwar da na sa shi a tasha ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, shi da Baba. Allah Ya jiƙansu, Ya sa mu cika da kyau. Yaya kuwa, Allah Ya saka masa da abin da ni ba zan iya biya ba.

Sai mun sake haɗuwa, in da rai da lafiya.